Bakaniken da Ya Rage wa Motarmu Gudu

Da an sallame sallar asuba a masallacin bakin tashar Faskari, masu komawa barci su koma, masu neman koko su nufi wurin mai koko. Malam Gide kuwa gareji yake yi kai tsaye, carbi a hannu ɗaya, makullin akwatin sifanoninsa a ɗaya hannun. Garejin ma ba wani gareji ba ne. Rumfar kwano ce a gindin bishiyar bedi, da benci, da wani rami da ya haƙa da kansa don shiga ƙarƙashin mota. Zai share wurin, ya jera sifanoni a kan buhu, sannan ya zauna ya jira direban farko da zai yi wa faɗa.

Baba Gide, kamar yadda muke kiransa, ba ya gyara mota sai ya fara gyara mai ita. Ka kawo masa mota da ciwo, zai tambaye ka yaushe rabonka da canza baƙin mai. Ka yi masa ƙarya, ya zaro sandar awon man, ya shafa a yatsa, ya kai maka har gaban hanci ya ce, "Wanga mai ne ko kwalta?" Direbobin Kankara sun san wannan yatsa, na Sabuwa ma sun san shi. Suna ƙorafi, suna kuma dawowa. 'Yan tasha har yau suna ba da labarin ranar da wani mai bas ya cika mota da 'yan kasuwa alhali birkinsa ba ya ci. Baba Gide ya hana shi tashi, ya ƙi ji. Sai tsohon nan ya ɗauko jak, ya kwance tayar gaba, ya mirgina ta gindin bedi ya zauna a kai, ya ce duk mai son taya ya zo ya ɗaga shi. Ba a tashi ba sai da aka gyara birkin. Manoman rani daga Damari kuma, da injin ban-ruwansu ya yi gardama, a kan babur suke ɗauro shi su wuce makanikai da yawa a hanya su kawo masa.

Yau rumfar nan a rufe take. Dalilin rufe ta ne ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba rubuta komai ba sai sunan magani.

Sunana Suwaibatu, unguwarzoma ce ni a wani ɗan asibitin ƙauye a ƙasar Faskari. Ban san noti ba, ban san sifana ba. Abin da ya haɗa ni da Baba Gide mota ɗaya ce, tsohuwar farar motar asibiti mai cin gas, wadda wata ƙungiya ta ba ƙauyenmu shekarun baya, ta tattara nata ya nata ta tafi. Duk matar da haihuwa ta zo mata da gardama, wannan motar ce ke kai ta babban asibiti a Funtua. Babu wata. Masu motocin haya ba sa shigowa hanyarmu da rana ta karkata, kowa ya san dalili, da damina kuwa ko da rana tsaka ba sa iya laka. A damunar da nake magana ina da mace ɗaya da take hana ni sukuni: Safara'u, matar Mas'udu mai gyaran takalmi. Haihuwarta ta baya da tiyata aka yi, likita kuma ya ja mana kunne cewa kada a kuskura ta yi naƙuda a gida. Cikinta ya tsufa. Kullum na wuce motar sai na dube ta kamar yadda ake duban tukunya ɗaya tilo a gida.

Motar tana da wani abu da ake kira turbo. Baba Gide ya taɓa yi mini bayaninsa da zugazugin maƙera. Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta hura wa injin iska da ƙarfi, wuta ta ci sosai, mota ta yi ƙarfi da gudu. Amma farfelar nan tana juyi ne a kan baƙin mai, injin kuma shi ke turo mata man. Ka kashe injin tana cikin juyi da zafi, ka bar ta tana gurzar ƙarfe.

To ga direbanmu, Ɗanliti. Mutumin kirki ne, ba ya ƙin tashi ko yana tsakiyar cin tuwo, amma a kan a-kori-kura ya koyi tuƙi, kuma ya zo da al'adar 'yan a-kori-kura. Da ya hango gangara sai ya sa mota a firi ya kashe injin, wai yana tattalin gas. Haka duk direbobinmu ke yi, har suna gasa da juna a kan wanda zai fi nisa da mota a kashe. Idan kuma ya iso gari ana tayar da salla, kafin mota ta gama tsayawa ya zare makulli ya ruga sahu. Baba Gide ya yi masa faɗa har ya gaji.

"Ɗanliti, motar ga ba irin taku ba ce. In ka tsaya ka bar ta ta huce kahin ka kashe. Allah ba ya gudu."

"To Baba, in sha Allahu."

In sha Allahun direba dai kun san ta.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, na biyo motar zuwa Faskari karɓar magunguna. Mun tsaya a bakin tasha ke nan sai injin ya fara wani irin kuka, yana hawa, yana hawa, ba wanda ya taka totur. Ɗanliti ya murɗa makulli ya kashe. Injin bai mutu ba. Ya zare makullin gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama yana nuna mini, ga makulli a hannunsa, ga mota tana ruri kamar za ta tsage. Farin hayaƙi ya turnuƙe tasha har ba ka ganin na kusa da kai. Innalillahi! Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mota ta ƙi mutuwa ba makulli ba. Wani ya yi ihu cewa aljanu ne, wani ya ce bam ne, sai kasuwa ta watse. Masu tallar gyaɗa suka zubar da farantai. Ɗanliti kuwa ƙafa me na ci ban ba ki ba, da makullinsa a hannu, ya bar ni a ciki ina kokawa da ƙofa ina salati.

Cikin hayaƙin nan na hango mutum ɗaya yana tahowa inda kowa ke gudu daga wurin. Tsoho ne, da furfura, yana ɗingisa ƙafa. A hanya ya fizgi marfin tukunyar mai shayi. Ya ɗaga bonet, ya tumɓuke tiyon da iska ke shiga injin da hannu tsirara, ya kifa marfin a bakin ya danne da ƙirjinsa. Injin ya shaƙe, ya yi tari, ya girgiza motar duka, ya yi shiru. Da hayaƙin ya lafa sai ga Baba Gide tsaye, rigarsa baƙi ƙirin da mai, damtsensa ya saɓule inda ya taɓa ƙarfe mai zafi. Na fito zan duba ƙunar, ya janye hannunsa.

"Bari wanga, ɗiyata. Ina shashashan direban naku?"

Daga baya ya yi mana bayani. Turbon ne ya mutu, ya dinga zubar da baƙin mai cikin injin, injin kuma ya koma shan man nan maimakon gas. Makulli gas yake yankewa, ba shi da iko da baƙin mai. Da an bar shi da sai ya shanye man ya tarwatse, kuma ni ina zaune kusa da shi.

Kai ne, Baba, wanda ya shiga hayaƙin da matasa majiya ƙarfi suka guje wa. Ban taɓa gode maka a kan wannan yadda ya kamata ba, domin duk lokacin da na ɗauko zancen sai ka ce in bar surutu.

Amma mamaki na gaba ya fi wannan. Washegari mai garinmu da dattawa suka zo gareji don jin yadda za a yi. Sabon turbo irin na motar ba a Funtua yake ba, ba a Katsina ba, sai an aika nesa an jira, kuma ba wanda zai iya cewa ga ranar zuwansa. Ni kuma Safara'u ce kawai a raina. Baba Gide ya gama sauraron kowa, ya ce:

"Cire shi za ni yi. Motar ta tahi ba shi."

Mai gari ya ce, "Malam Gide, a cire mata kuma? Wanda ya ƙera ta mahaukaci ne da ya sa mata shi?"

"Ba mahaukaci ba ne, ranka ya daɗe. Bai san Ɗanliti ba ne lokacin da yake ƙera ta. Ko an kawo sabo, wata nawa za ya yi a hannun mutanen ga? Ku ji gaskiya tun yanzu: in na cire, ƙarhinta za ya ragu, gudunta za ya ragu, a hawa za ta yi nishi. Amma za ta tashi kullum, kuma ba za ta ƙara yin haukan jiya ba. Ku zaɓa."

Ni abin ya ɗaure mini kai. Motar marasa lafiya, a ce za a rage mata gudu da gangan! Na faɗa masa haka a gaban mutane, ban ɓoye ba. Ya dube ni ya ce, "Ke ce mai matan. Wacce kika hi so, mai gudu da ke kwance kan duwatsu tana jiran kaya, ko gurguwa da ke tahiya?" Na tuna cikin Safara'u, na ce a cire.

'Yan tasha sun shaida aikin, domin kullum sai sun taru kallo kamar ana wasan kura. Ya kwance turbon ya ajiye gefe. Ya toshe hanyar da mai ke zuwa masa da hanyar da yake komawa, ya ce nan ne mai gaggawa ke kashe injin, don in aka bar su a buɗe man zai tsiyaye a hanya. Ya kai wa mai walda ma'auni aka lanƙwasa bututu, aka haɗa bakin hayaƙin injin da salansa. Bututun farko bai zauna ba, ya mayar, suka yi cacar baki da mai waldar har aka shiga tsakani. Ya wanke duk inda baƙin mai ya kwanta a hanyar iska, ya haɗa iskar kai tsaye daga matatar iska zuwa injin. Sannan ya zauna a kan famfon gas yana rage masa hannu kaɗan-kaɗan, a tayar, ya dubi hayaƙi, a kashe, ya ƙara murɗawa, domin injin da aka rage wa iska in ba a rage masa gas ba baƙin hayaƙi kawai zai yi ta amai. Duk wannan da ƙunar nan a damtse, ɗaure da bandejin da na sa masa da ƙyar.

Da motar ta tashi aka yi kabbara a tasha. Muka hau gwaji. Gaskiya ya faɗa, a hawa sai an sauko giya tana nishi, har wani mai babur ya wuce mu yana ɗaga mana hannu. Ɗanliti ya ji kunya kamar ya nutse. Amma ta kai mu ƙauye, washegari kuma ta tashi.

Ba a yi sati ba abin da nake tsoro ya zo. Da hantsi, bayan ruwan sama mai yawa, Mas'udu ya shigo asibiti ba takalmi, shi mai gyaran takalmi, ya ce jini ya ɓalle wa Safara'u. Na same ta kwance, leɓenta ya yi fari. Na ɗora ɗan ƙahon da muke sauraron bugun zuciyar jariri, na saurara, na canza wuri, na sake saurara. Babu. Na ja Mas'udu gefe na gaya masa a hankali cewa ɗan ya riga ya tafi, yanzu uwar muke nema wa rai. Ya ce innalillahi, ya ɗauke ta da kansa ya sa a mota.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Laka har gindin ƙofa, motar tana nishi tana jan jiki, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama da hannu ɗaya, ɗayan a kan wuyan hannunta ina jin bugun yana raguwa. A kowane hawa Ɗanliti sai ya doki sitiyari yana kuka yana cewa, "Tahi mana! Tahi mana!" Ba ta yi gudu ba, ba ta kuma tsaya ba, har ƙofar asibiti a Funtua. Aka shiga da ita tiyata, aka ƙara mata jini. Safara'u ta rayu.

Jaririn aka rufe shi shiru, yadda ake yi a wurinmu. Ɗan da bai zo da rai ba ba a zaman makokinsa, ba a yawan zancensa, ba a tambayar uwa yadda aka yi. A ce Allah ya sa mai ceto ne, a wuce. Ni ma ba aikina ba ne in fita ina ba da labarin cikin wata. Saboda haka abin da na ji da kunnena ya tsaya tsakanina da Mas'udu da matarsa. Abin da ya isa tasha maganar Ɗanliti ce, wadda ya faɗa cikin zafin rai yana ba abokansa labarin tafiyar: da motar tana da turbonta da an isa da wuri, da ɗan ya rayu. Bai yi don sharri ba. Amma magana zarar bunu ce, ta bi bakin wannan ta bi bakin wancan har ta isa gindin bedi.

Ban san komai ba sai bayan Safara'u ta yi arba'in, na shigo Faskari na ga rumfa a rufe, ciyawa ta fara fitowa a bakin ramin. Mai shayi ya ce Baba ya ajiye aiki, wai idonsa ne da bayansa. Sai ya rage murya ya gaya mini sauran. Mutumin da bai taɓa barin wani ya fi shi baki a tasha ba, a ce maganar Ɗanliti ta kwantar da shi, bai ko mayar da martani ba!

Na koma na gaya wa Safara'u. Ta ɗauki mayafinta, ta ce wa mijinta ya raka mu. A zaure muka sami Baba Gide, ya rame, furfurar ta ƙaru. Muka gaisa. Da ya gane ko wace ce, sai ya sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, ki yahe mani. Ni na rage mata gudu. Da hannuna na yi."

Na ce, "Baba, ka saurare ni. Ni na duba ta kahin mu sa ta a mota. Zuciyar ɗan ta riga ta tsaya tun muna ƙauye. Ko jirgin sama aka kawo ba za ya same shi ba. Ga ubanshi nan, tun a lokacin na gaya mashi."

Mas'udu ya ce, "Haka ne, Baba. Wallahi haka ne."

Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai Safara'u, wadda kunya ba ta barinta ta ɗaga murya gaban manya, ta matso ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka dube ni da kyau. Rai ɗaya aka sa a motar ga, kuma ga shi gabanka. Ina da 'yan mata biyu a gida, yau ni na yi masu kitso."

Tsohon nan da ya danne injin mai hauka da ƙirjinsa ya rufe fuska da hannun riga. Mu ma ba wanda ya iya duban wani.

Bai koma gareji ba. Idon da bayan gaskiya ne, shekaru sun ja, 'ya'yansa kuma sun ce ya huta haka nan. Amma ban yarda ya huta da waccan magana tana yawo a tasha ba, shi ya sa na nemi izinin Safara'u da mijinta na rubuta wannan, suka ce in faɗi komai. Ɗanliti ma ya je ya ba shi haƙuri, na kuma ji an ce ya sha faɗan da ya daɗe bai sha irinsa ba, abin da ya tabbatar mini Baba ya fara samun sauƙi.

Baba Gide, dodon direbobin bakin tasha, kai ne ka gaya mana gaskiya tun kafin ka ɗaga sifana, ba ka yi mana alkawarin abin da motar ba za ta iya ba. Kai ne ka ɗauki aikin da ka san in ya ɓaci sunanka za a kira, ka yi shi da ƙuna a hannu. Na gode. Matan ƙauyenmu sun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido da ta baya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma matasan makanikai na Kankara da Faskari da Sabuwa, ku koyi faɗin gaskiya ga mai mota ko da zai ɓata rai, ku koyi aiki da abin da ke hannu idan na nesa ya ƙi zuwa. Mu sauran jama'a, kafin mu ce "da an yi kaza da bai mutu ba", mu tambayi wanda yake wurin. Wanda duk ya taɓa maimaita waccan magana a tasha, gidan Baba Gide ba ɓoyayye ba ne, yana zaure kullum bayan la'asar. Ya je da ƙafarsa ya gaya masa cewa Safara'u tana raye.